Filin Tambayi Likita: Asfirin da Taruwar Jini a Cikin da Aka Yi Dashe

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim. Bayan shekara 9 da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba, sai aka yi mini dashen ciki a Kano, wato aka haɗa ƙwai da maniyyi a asibiti aka saka mini a mahaifa, Allah ya sa ya kama. Yanzu yana mako 8, amma na ga ɗigon jini, hoton ciki kuma ya nuna jini ya taru a gefen jakar da ɗan yake. Surukata ta ce in daina shan asfirin ɗin da aka rubuta mini. Shin in daina?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Jinin da aka gani yana kwance ne tsakanin fatar jakar da bangon mahaifa. Ya fi yawa ga masu dashe, kuma galibi jiki kan shanye shi da kansa kafin ciki ya kai wata 5.

Fargabar surukarki tana da tushe, domin asfirin yana hana ƙananan ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare yin aikinsu, kuma tasirinsa kan ɗauki kwana 7 zuwa 10 kafin ya gushe. Sai dai hukuncin ya danganta da dalilin da ya sa aka ba ki shi. Idan don taimakon dashen ne kawai, likitoci da dama kan dakatar da shi har jinin ya tsaya. Idan don rigakafin hawan jini da jijjigar masu ciki ne, daga mako 12 aka saba farawa, don haka akwai sauran lokaci. Amma idan kina da larurar daskarewar jini mai jawo ɓari, musamman in an haɗa miki da allurar hefarin mai hana jini daskarewa, dainawa da kanki na iya zama haɗarin da ya fi ɗigon.

Saboda haka ki kira likitan da ya yi dashen yau ɗin nan, kada ki jira ranar awo. Nisan Ringim da Kano ba hujja ba ne tunda akwai waya. Ki duba kwalin kuma: na masu ciki ƙaramin ne, mai miligiram 75, ba mai 300 da ake sha don ciwon kai ba. Ki guji ibuprofen da diclofenac na kemis.

Idan jini ya jiƙa ƙunzugu cikin awa 1, ko mara ta murɗa sosai, ko jiri ya ɗebe ki, a kai ki babban asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne, tare da takardar hoton da kwalin maganin.