Zan ba da BMW M5 ɗina sadaka, yaya maganar haraji?

Tambaya: Salam Malam. Ina zaune a Niyok, ina da BMW M5 ƙirar 2008, tana tashi lafiya lau amma gyara ya ishe ni. An ce in na ba wa ƙungiyar agaji ita za a cire min cikakken kuɗinta daga haraji. Haka ne? Kuma zan iya ba masallacin unguwarmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya karɓi niyya. Wanda ya faɗa maka haka tsohuwar doka ya riƙe. Da can mutum shi yake yi wa motarsa kuɗi ya rubuta a takardar haraji, sai majalisar Amurka ta toshe wannan ƙofa da dokar 2004, ta fara aiki a 2005. Yanzu in darajar motar ta wuce dala 500 kuma ƙungiyar ta sayar da ita, to iya abin da aka saye ta shi IRS, hukumar harajin Amurka, ta sani, ko da kai kana ganin ta ninka haka. Za su ba ka fom 1098-C cikin kwana 30 da sayarwa, kai kuma ka cike fom 8283 ka haɗa.

To a nan matsalar motarka take. Yawancin ƙungiyoyin nan da kake jin tallarsu a rediyo ba su ma ganin motar da idonsu, wani kamfani ne zai zo ya ja ta ya kai gwanjon dillalai, ya cire kuɗin ja da na gwanjo da ladansa, sauran canjin ne zai isa hannun ƙungiya. Dillalin gwanjo kuwa da ya ga M5 ta wannan zubin, inji V10 mai lita 5 da ƙarfin doki 500, ba gudunta yake lissafawa ba, abin da ke ransa shi ne metal ɗin inji da aka san su da cinyewa da kuma giyarta da ake kira SMG mai cin kuɗi in ta tashi rigima, saboda haka sai ya taya ta da arha don ya kare kansa, ba ruwansa da tulin rasit ɗin gyaran da ka adana. Alhali masu son irinta suna nan a shafukan gwanjon motoci na intanet irin su Bring a Trailer ko Cars & Bids, su wannan rasit ɗin ne ma yake sa su ƙara kuɗi.

Sannan wannan ragi ba kuɗi ba ne za a mayar maka a hannu, ana cire shi ne daga kuɗin shigar da ake yanka maka haraji a kai. A ce an sayar dala 9,000 kuma kana matakin kashi 22 cikin ɗari, abin da ka tsira da shi dala 1,980 ne. Shi ɗin ma sai in kana jera kashe-kashenka ɗaya bayan ɗaya a fom ɗin haraji da ake kira Schedule A. A shekarar haraji ta 2024 rangwamen gama-gari, wato wanda ake cire wa wanda bai jera komai ba, dala 14,600 ne ga mutum ɗaya, 29,200 ga miji da mata in sun haɗa takarda, in duk abin da za ka jera bai haura rangwamen shekararka ba to sadakar motar ba ta rage maka ko sisi a harajin tarayya ba, sai dai lada.

Akwai inda ake yarda da cikakken farashin kasuwa, wato in ƙungiyar za ta yi aiki da motar sosai, ko ta yi mata babban gyara, ko ta ba wa mabuƙaci. In ka bi wannan hanya kuma kuɗin ya haura dala 5,000 sai ka nemo ƙwararren mai kimantawa ya rubuta maka. Amma tsakani da Allah wa zai kai wa tsofaffi abinci da M5? Motar da sai fetur mai tsada take sha, galan ɗaya da ƙyar ya yi mil 11 a cikin gari, ka ba talaka ita ai ka ɗora masa jidali ne.

Ni dai shawarata ka sayar da kanka ka miƙa tsabar kuɗin, ƙungiya ta samu duka babu ɗan tsakiya, kai ma rasit ɗinka ya fi kauri. Kuma tunda ƙasa da yadda ka saya za ka sayar, babu harajin riba a kanka.

Masallaci ya halatta, wuraren ibada suna cikin rukunin ƙungiyoyin agaji da IRS ta amince da su, wato 501(c)(3), ka dai karɓi takardar shaida a rubuce, ka kuma tambayi kwamiti ko suna son mota ko kuɗi, na san amsar da za su ba ka. In kuma gida kake tunanin turawa, ƙungiyar da ke da rajista a Najeriya ko Nijar kaɗai IRS ba ta lissafa ta, sai ta hannun mai rajista a Amurka.

In duk da haka motar kake so ka bayar, ka tabbata babu bashin banki a kanta, ka rubuta sunan ƙungiyar a takardar mallaka kar ka yarda ka sa hannu ka bar gurbin fayau, in ba haka ba tikitin fakin ɗin wani zai riƙa zuwa gidanka. Kuma a Niyok sai ka mayar wa DMV, ofishin rajistar motoci, lambar mota tukuna kafin ka soke inshora.