Me ya sa ƙasashe ke zaɓar dabbobin da ake samu a ƙasarsu a matsayin alama?

Za ka iya tambaya ko sa dabba a tuta ko hatimin ƙasa ado ne kawai. A'a, ɗan'uwa, galibi akwai dalili. Amurka ta sa mikiya mai farin kai a hatiminta tun 1782 domin a Arewacin Amurka kaɗai ake samunta. Uganda kuma gauraka ce a tsakiyar tutarta tun 1962.

Amma wadda ta fi burge ni Indiya ce. A 1973 ta ajiye zaki, ta ɗauki damisa mai ratsi-ratsi a matsayin alamar ƙasa, ta kuma kafa shirin kare ta, don mafarauta sun kusa ƙarar da ita. A ganina haka ya kamata a yi. Ita ma mikiyar Amurka ta kusa ƙarewa saboda maganin ƙwari na DDT, sai da aka hana shi a 1972 ta farfaɗo.