Ƙyanda ta shigo gida: yadda ake ware yaro da yadda ake ƙirga kwanaki

(An rubuta wannan saƙon murya ne saboda waɗanda bai buɗe musu ba.)

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa barkanmu da yamma, ya gida, ya yara, ya muke fama da zafin nan. Hajiya, na saurari muryarki, Allah Ya ba yaro lafiya, Ya sa kaffara ne. Bari in maimaita tambayar saboda waɗanda ba su ji ba. Ɗanta ɗan shekara uku ya kwana huɗu yana zazzaɓi da tari da jan ido, jiya Litinin ƙuraje suka feso masa a bayan kunne da fuska, aka kai shi asibiti aka ce ƙyanda ce, aka sallamo su. A gidan akwai jaririyarta 'yar wata bakwai, abokiyar zamanta na da juna biyu, ga sauran yara masu zuwa boko da Islamiyya. Tana tambayar yadda za ta ware shi, da kuma kwana nawa.

To Hajiya, mu fara da lissafi, don a nan mutane suka fi ruɗewa. Mai ƙyanda yana fara yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, ya ci gaba har kwana huɗu bayan fitowarsu. Ranar da ƙurajen suka bayyana ba a ƙirga ta. Litinin sifili ke nan. Talata ɗaya, Laraba biyu, Alhamis uku, Juma'a huɗu. Ranar Asabar zai iya fitowa tsakar gida idan jiki ya yi sauƙi, ko da fatar tana sāɓa, wannan sāɓar ba ta harbin kowa. In kuma kika koma baya, za ki ga tun Alhamis da ta wuce yake baza ta, lokacin da kowa ke cewa mura ce. Ma'ana duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi ya riga ya shaƙa. Ban faɗi haka don ki karaya ba, sai don ki san aikin kashi biyu ne: a tsare na waje kada su ɗauka, a sa ido a kan na gida.

Ƙyanda ta iska take bi, kin gane. Ba sai an taɓa yaro ba. Idan ya yi tari a ɗaki ya fita, ƙwayar cutar tana iya rataye a iskar ɗakin har awa biyu. A cikin mutum goma da ba su yi riga-kafi ba kuma ba su taɓa yin ta ba, kusan tara sai sun kamu in suka zauna tare da shi. Shi ya sa raba kwano da cokali kaɗai ba ya wadatarwa. A raba ɗin, yana da kyau, a ba shi kofinsa kada ya sa baki a moɗar randa, amma babban abu shi ne ɗaki da iska.

A zaɓar masa ɗakin da yake da taga mai kallon waje, ba wanda ƙofarsa take buɗewa cikin falo ba in da hali. Taga a buɗe dare da rana, ƙofa a rufe. In akwai fanka ta tsaye, a ajiye ta kusa da taga tana hura iska waje, kada a juya ta tana koro iskar ɗakin zuwa inda mutane suke. Na san iyayenmu suna cewa a rufe ɗaki ruf, a lulluɓe yaro, a yi masa hayaƙi don ƙyandar ta fito duka. Don Allah a bar wannan. Ƙurajen za su fito ko an rufe ko ba a rufe ba, daga fuska su sauka ƙirji har ƙafa cikin kwana uku. Rufewar zafin jiki take ƙarawa, hayaƙi kuma huhun da ya riga ya yi rauni yake ƙonawa.

Mutum ɗaya ne zai riƙa shiga, wanda ya yi riga-kafi ko ya tabbata ya taɓa yin ƙyanda, don ba a yin ta sau biyu. A nan matsalarki take, Hajiya, tunda kina shayarwa. In akwai kakarsa ko wata babba da ta taɓa yi, ita ta yi jinya, ke ki riƙe jaririya. In ba kowa sai ke, to ba a shiga da goyo, ko leƙawa. Ki sa takunkumi, ki ajiye hijabi ɗaya a bakin ƙofar ɗakin wanda da shi kaɗai kike shiga, in kin fito ki cire, ki wanke hannu da sabulu har wuyan hannu kafin ki ɗauke ta. Nono kada ki tsayar, ki ma ƙara.

Jaririyar nan ita ta fi tsaya min a rai. A tsarin riga-kafin Najeriya ana yin allurar ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15, saboda haka ita ba ta kai ba, kariyar da ta samu daga jikinki kuma ta fara ƙarewa. Gobe da sassafe a kai ta asibiti, a faɗa musu tun daga ƙofa cewa akwai mai ƙyanda a gida, kada a zauna da ita a layi cikin jarirai. Allurar riga-kafi tana iya tare cutar idan an yi cikin awa 72 da haɗuwa da mai ita, kuma in haka ta taso ana yi wa yaro tun daga wata shida. A naku lissafin awa 72 ta wuce tun Lahadi, amma ki bar ma'aikatan su yanke hukunci. Akwai kuma wata allurar garkuwa da ake yi cikin kwana shida, gobe Laraba ne na shida, sai dai ba kowane asibiti ke da ita ba, a tambaya. In an yi mata riga-kafin yanzu, ba ta goge ta wata 9 da ta wata 15 ba, duk sai an yi.

Abokiyar zamanki ita ma ta je wajen masu awo ta gaya musu. Ba a yi wa mai ciki allurar ƙyanda, kuma in ta kamu tana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. In ba ta da tabbacin ta taɓa yi, kada ta taka ɗakin nan, ko ranar girkinta ce ta ajiye abinci a bakin ƙofa. Wannan ba gaba ba ce, a fahimtar da maigida da dangi tun yanzu kada a mai da shi zancen kishi.

Sauran yara, a ɗauko katinsu a duba, kada a dogara da "ai ina jin an yi masa". Wanda ya yi allura biyu zai iya zuwa makaranta. Wanda bai yi ko ɗaya ba, a kai shi a yi masa, sannan ya zauna gida kwana 21, a ƙirga daga wannan Juma'ar. Ba boko, ba Islamiyya, ba makarantar allo, ba gidan suna, ba aike gidan maƙwabta. Na san sati uku da yara a tsakar gida ba wasa ba ne, amma cutar takan yi kwana goma zuwa sha biyu a ɓoye kafin zazzaɓi ya fara, wani lokacin ƙuraje sai sun kai sati uku. Daga Lahadi mai zuwa ki riƙa taɓa goshinsu safe da yamma. Duk wanda ya fara zazzaɓi da majina da jan ido, a ware shi a ranar, kada a jira ƙuraje. A kuma sanar da malamansu.

'Yan dubiya kuwa, maigida ya tare su a zaure, a yi addu'a a can, ko a kira a waya. Musamman masu zuwa da goyo.

Yanzu jinyar kansa. Ki tabbata an ba shi bitamin A, wannan jan ƙwanson da ake yanke wa baki a matsa a bakin yaro. Ɗan shekara ɗaya zuwa sama ja ake ba shi, mai 200,000, ɗaya a ranar farko, ɗaya washegari. Ɗan wata 6 zuwa 11 shuɗi ne, mai 100,000. Yana rage mutuwa, yana kuma tsare ido, don ƙyanda tana cinye bitamin A na jiki, daga nan hakiya da makanta suke shigowa. Mutane da yawa na farko kawai suke karɓa su manta na biyu. In jiya aka ba shi, yau ne na biyu. Mai ciki kada ta sha wannan ƙwanso.

Zazzaɓi, farasitamol, gwargwadon nauyi, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, duk awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini da dare. In yana kilo 14, kuma ruwan maganin mai miligiram 120 a cikin mil 5 ne, mil bakwai da rabi ke nan. A auna da murfin awo ko sirinji, ba cokalin tuwo ba. Asfirin ba a ba yaro. Kada kuma a je kyamis a haɗo antibayotik, ba ya kashe ƙyanda, sai in likita ya ga ciwon huhu ko kunne ya hau kai.

A yi masa wanka da ruwan ɗumi. Maganar ƙyanda ba ta son ruwa ba ta da tushe, dauɗa ce ma take sa ƙuraje su zama gyambo. Ido in ya yi kwantsa, a tafasa ruwa ya huce, a goge da auduga daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da tasa audugar. Ba kwalli, ba ruwan sukari, ba jiƙo, ba maganin ɗigawar da wani ya rage. In haske na damunsa a saki labule, amma tagar ta zauna a buɗe.

Abinci zai ƙi, saboda bakin ya yi miki. Kaɗan-kaɗan, sau shida ko bakwai: kunun gyaɗa, koko da madara, dafaffen ƙwai, faten dankali da manja, gwanda, mangwaro. In gudawa ta zo, ruwan gishiri da sukari, ƙulli ɗaya a lita ɗaya, wato ledar ruwa biyu. In babu na asibiti, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri, a lita ɗaya, abin da ya kwana a zubar. A haɗa da zink, miligiram 20 kullum, kwana goma. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum na wasu makonni, don ƙyanda tana barin yaro da rauni, tamowa da wasu cututtuka a bayanta suke biyowa.

Ga abin da in kin gani ba a jiran gari ya waye. Ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru, ki ƙirga numfashi minti ɗaya cif da agogon waya. A shekarunsa, 40 ko fiye ya yi yawa. A jaririyar, 50. Ko ki ga ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko wani ƙara a maƙogwaro, ko jijjiga, ko barcin da ba ya tashi, ko ya kasa sha, ko ya amayar da komai, ko baƙin ido ya yi hazo-hazo, ko kunne na zubar da ruwa, ko zazzaɓi ya sauka ya sake dawowa. A tafi asibiti, a sa masa takunkumi a hanya, a ɗauki adaidaita shata, kada a cusa shi cikin fasinja.

Na ga wata 'yar uwa ta rubuto a ƙasa tana tambaya ko haka ake yi da ƙarambau. Lissafin ya bambanta. Shi ƙurajen masu ruwa ne, ana ware yaro har sai dukkansu sun bushe sun yi ɓawo, yawanci kwana biyar zuwa bakwai, a yanke masa farce, kuma ban da asfirin ban da ibuprofen. Zazzaɓin Lassa kuwa, wanda ɓera ke kawowa, ba a jinyarsa a gida sam. In zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, ga ciwon maƙogwaro ko jini, asibiti za a nufa, ko a kira hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, a 6232, kiran kyauta ne.

Hajiya, ki ɗauki hoton katin riga-kafin yaran da na kwalbar farasitamol ɗin ki turo min ta gefe, in duba miki awon. Wassalamu alaikum.