Takunkumi da Sauran Tambayoyinku

Tambaya: Malam, kullum muna jin "an ƙaƙaba wa Rasha takunkumi". Daga ina 'yan jarida suka samo kalmar?

Amsa: Daga bakin dabba. Takunkumi shi ne abin da ake ɗaure wa raƙumi ko jaki kada ya ci amfanin gona, ko kura kada ta yi cizo. Aron ya dace. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu faɗarsa kamar an yanke hulɗa ɗungurungum. Takunkumi baki yake kamewa, dabbar na nan da ranta, mai ita kuma bai daina buƙatarta ba.

Ku dubi Amurka. Tun Fabrairun 2022 take jibga wa Rasha takunkumi, amma ta ci gaba da sayen sarrafaffen yuraniyom daga hannunta, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tashoshin lantarkinta na nukiliya ke ci. Sai a Mayun 2024 aka sa hannu kan dokar hana sayen, ita ma da sassauci har ƙarshen 2027, domin masana'antar tace yuraniyom ba ta ginuwa dare ɗaya. Haka da Sin: a Oktoban 2022 Amurka ta hana a sayar mata da manyan ƙwaƙwalen kwamfuta, a Agustan 2023 Sin ta tsaurara fitar da galiyom da jamaniyom, ƙarafan da ake ƙera irin waɗannan na'urori da su. Kowa na riƙe da igiyar bakin wani.

Af, masu rubuta "an ɗage takunkumi", don Allah ku bari. Zama ake ɗagewa, ko labule. Takunkumi cire shi ake yi, ko a sassauta.

Tambaya: "Dogara" ko "dogaro", wanne ne daidai?

Amsa: Duka. Turai ta dogara da iskar gas ɗin Rasha, dogaron ya yi mata tsada.

Tambaya: Na ga an rubuta Rasha da Amurka "ba sa ganin maciji". Haka ne?

Amsa: Wanda ya rubuta haka bai san abin da yake faɗa ba. "Ba sa ga maciji" ake cewa, wato ƙiyayya ta kai ko ɗaya ya hango maciji zai sari ɗayan, ba zai buɗe baki ya ce "ga maciji!" ba. Kuma ko a nan sai an yi hattara: a Maris na 2024 Amurka ta yi gargaɗin za a kai hari Mosko, makonni biyu kafin a kai shi.

Tambaya: Wane karin magana ya dace da maƙiyan da ke ciniki suna yaƙi? Ni na ce "cuɗe ni in cuɗe ka".

Amsa: A'a, 'yar'uwa, wannan na masu shiri ne. Naki shi ne "dole ƙanwar na ƙi". Ana ruwan bama-bamai a Yukiren, gas ɗin Gazprom, kamfanin gas na Rasha, na bi ta bututun da ke ƙarƙashin ƙasarta zuwa Turai, Rasha na biyan kuɗin wucewa, kusan shekara uku. Ba a rufe ba sai 1 ga Janairun 2025, da wa'adin yarjejeniyar wucewar gas ɗin ta 2019 ya cika, Yukiren ta ƙi sabuntawa.