Tambaya da Amsa: In distiribushan ya kusanto, dole densiti ma ya biyo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin lissafi ne daga Zariya, ina aji huɗu. An koya mana cewa jerin randam bekta (wato tarin lambobin da sa'a ke fitarwa tare) na iya kusantar distiribushan (yadda yiwuwar sakamako ta rarrabu) na Gauss, to ni a tunanina ai shi kenan densiti ɗinsu (lanƙwasar da ke nuna kaurin yiwuwa a kowane wuri) ma ya kusanci na Gauss ɗin, amma abokina ya ce ba haka ba ne. Wa ke da gaskiya don Allah?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Abokinka ne da gaskiya, kuma wallahi wannan wurin yana kayar da ɗalibai da yawa.

Fara da jefa kwabo. Tun 1733 de Moivre ya nuna in ka jefa kwabo sau da yawa ka ƙirga sau nawa fuska ɗaya ta fito, ka daidaita lissafin, abin yana kusantar siffar ƙararrawar nan ta Gauss, amma fa ƙirgar nan lambobi ne ɗaiɗaiku, ba ta da densiti kwata-kwata komai yawan jifan. To me zai kusanto kenan?

Ko da densiti ɗin yana nan ma ba dole ba ne. Ɗauki densitin 1 + sin(2πnx) tsakanin 0 da 1, in n na ƙaruwa distiribushan ɗinsa yana tafiya zuwa na bai ɗaya (inda yiwuwa daidai take a ko'ina), shi kuwa densitin sai hawa da sauka yake tsakanin 0 da 2, yawan n ma ƙara masa rawa yake yi. Ta ɗaya hanyar ce abin yake aiki, Scheffé ya tabbatar a 1947 cewa in densiti ya kusanci wani densitin, distiribushan ma ya biyo.

A bekta kuma abin ya fi tsanani, nan nake so ka nutsu. Ɗauki X na Gauss ka haɗa (X, X). Kowane ɓangare da densitinsa lafiya lau, amma bektan gaba ɗaya yana kwance a kan layi guda ne, layi kuwa ba shi da faɗi a fili, don haka babu densitin haɗin gwiwa. Irin wannan matsalar ce lissafin Paul Malliavin na Faransa, wanda ya fito a shekarun 1970, yake magancewa: ana haɗa wani matiris (jadawalin lambobi) daga bektan, in ditaminan ɗinsa (lamba ɗaya da ake fitarwa daga matiris) ba sifili ba ne kusan ko'ina to akwai densiti, na (X, X) kuwa sifili ne.

Ka kuma nemi aikin Nualart da Peccati na 2005, wanda ni a ganina yana cikin mafi kyawun sakamako a fannin nan. Ga intigiral na Wiener (wasu lambobin sa'a da ake ginawa daga Gauss) masu mataki tsayayye da bariyans (ma'aunin bazuwa) 1, ya isa momen na huɗu (matsakaicin X⁴) ya kusanci 3, sai a samu Gauss. A shekarar dai Peccati da Tudor suka kai shi ga bekta. Amma ka lura, su ma distiribushan suke magana, ba densiti ba.