Ƙwayar Homon da Ake Dasawa Ƙarƙashin Fata: In Yarda a Yi Mini?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 52, al'adata ta ɗauke shekara biyu ke nan. Cikin dare sai zafi ya taso mini daga ƙirji har fuska, in jiƙe sharkaf da gumi, barci ya gagara, ga sha'awa ta yi ƙaura. Ƙanwata da ke aure a Amurka ta ce an dasa mata wata 'yar ƙwaya a saman mazauni, wai homon ne irin na jiki sak, daga tsirrai aka samo shi, ba shi da illa. Tana so in na kai mata ziyara a yi mini. Mahaifata tana nan, ba a cire ba. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba ki lafiya. Abin da ke damun ki yana da magani, kuma a shekarunki maganin homon yana iya dacewa da ke. Amma ta hanyar dashen nan, shawarata ita ce kada ki yi.

Ƙwayar, wadda can suke kira felet, ba ta wuce girman ƙwayar shinkafa ba. Ana kashe wurin da allura, a ɗan tsaga fata a saman mazauni, a tura ta cikin kitse, a manne. Tana narkewa a hankali cikin wata uku zuwa shida, sannan a koma a sake. Abin da ke cikinta istiradayol ne, wato babban homon ɗin mata, ko testosteron, wato babban homon ɗin maza wanda mata ma ke da ɗan kaɗan, ko duka biyu. Dabarar tsohuwa ce, tun shekarun 1930 ake yin ta. Abin da ya farfaɗo da kasuwarta shi ne wani babban bincike na Amurka da aka tsayar da sashensa a 2002, bayan an ga ƙaruwar sankarar nono da gudan jini a matan da ke shan wani haɗin homon iri biyu, wanda ake tace ɗayansu daga fitsarin goɗiya mai ciki. Mata suka tsorata, 'yan kasuwa kuwa suka fito da kirarin "irin na jiki".

Kirarin yana da gaskiya a ciki, sai dai ba na ƙwayar dashe ba ne ita kaɗai. Istiradayol ɗin da ke cikin filastar mannawa ko man shafawa da hukumomi suka amince da su, shi ma irin na jiki ne sak, kuma daga tushe ɗaya aka haɗa shi: waken soya ko wata doyar daji, a ɗakin sarrafa magani. Zancen "daga tsirrai" kuma kada ya rufe miki ido. Jiki ba ya tambayar asalin homon, yawansa yake ji. Ko doya buhu guda mace ta ci, jikinta ba zai mayar da ita homon ba.

To ina matsalar? Kin san ashanar tazarar haihuwa da ake sa wa mata a dantse. Ita roba ce, in ba ta karɓi mace ba, sai ta koma asibiti a zare ta. Wannan kuwa narkewa take yi, ciro ta da wuya ƙwarai. In aka yi miki yawa, haƙuri za ki yi har ta ƙare. Yawan kuma yana faruwa, domin a makonnin farko takan saki homon fiye da kima, daga baya ya yi ƙasa. Filasta in ta dame ki yau, ɓare ta za ki yi.

Testosteron ne ya fi ba ni tsoro. Shi ne ke sa mace jin ƙarfi da dawowar sha'awa a watan farko, kuma ina kyautata zaton abin da ƙanwarki ke yabawa ke nan. Amma dashe yakan kai shi matakin da ya zarce na kowace mace mai lafiya. Sai ƙuraje, gashi a haɓa, sanƙo a goshi, murya ta yi kauri. Muryar da ta buɗe ba lalle ta koma ba ko an daina. Saboda haka ne ƙungiyoyin likitoci na ƙasashe da dama suka fitar da matsaya ɗaya a 2019: testosteron yana da amfani ga matar da ta daina al'ada idan rashin sha'awa ya zame mata damuwa, amma a ɗan ƙaramin awo na shafawa, ban da dashe.

Sai batun mahaifarki, kuma na ji daɗi da kika ambata. Istiradayol shi kaɗai yana kaurara bangon mahaifa, in aka daɗe yana iya kaiwa ga sankara. Dole a haɗa da furojesteron, wato homon ɗin da ke kare bangon mahaifa, ko na haɗiya da dare, ko robar mahaifa irin Mirena. Man furojesteron na shafawa da wasu masu dashe ke bayarwa ba ya ba da kariyar da za a dogara da ita.

Ki kuma sani, ƙwayoyin da ake dasa wa mata a Amurka ba su bi ta tantancewar hukumar FDA ba, wadda take kamar NAFDAC a wurinmu. Kantunan haɗa magani ne ke yin su. Wadda hukumar ta amince da ita, Testopel, ta maza ce. A 2019 FDA ta bayyana cewa ta tarar da rahotannin illa 4,202 a hannun wani kamfanin dashe waɗanda ba a taɓa kai mata ba, ciki har da sankarar mahaifa, shanyewar ɓarin jiki, ruɓewar wurin da fitowar ƙwayar waje. Ba a tabbatar cewa duka dashen ne ya jawo su ba, amma ɓoyewar kanta abin dubawa ce. A 2020 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta ba da shawarar a taƙaita irin waɗannan haɗe-haɗe ga wadda magungunan da aka tantance ba su karɓe ta ba.

Abin da za ki yi ba ya buƙatar jirgi. Ki ga likitan mata a asibitin koyarwa ko babban asibiti mafi kusa. Zai auna hawan jini da suga, ya duba nono, ya tambaye ki ko kin taɓa samun gudan jini, ciwon hanta, shanyewar ɓarin jiki, sankarar nono, ko zubar jini bayan ɗaukewar al'ada. In babu ko ɗaya, ke da ba ki kai 60 ba kuma ba ki shekara goma da dainawa ba, kina cikin waɗanda amfanin homon ya fi rinjayar haɗarinsa. Filasta ko man shafawa sun fi na haɗiya sauƙin haɗarin gudan jini. In bushewar gaba ce ke sa kwanciya zafi, wanda sau da yawa shi ne ke korar sha'awar, akwai istirojin, wato homon ɗin mata, na matsi mai ɗan ƙaramin awo da ke aiki a wurin kawai. Kayan mata na kasuwa ba sa gyara wannan, wasu ma ƙone wurin suke yi.

Ita kuma ƙanwarki, kada ki tayar mata da hankali, amma ki tambaye ta ko an ba ta furojesteron in tana da mahaifa, ko an auna testosteron ɗinta a jini bayan dashen, ba a miyau ba. In ta ga ɗigon jini ko ta ji muryarta ta fara sauyawa, ta ga likitan mata kafin a sake dasa mata wata.