Ga ƙanen da ke son zuwa Ingila karatun fiyano

Toh ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce ka daɗe kana kaɗa fiyano a wani situdiyo a Zoo Road, mawaƙa har layi suke maka, yanzu kana so ka zo jami'a a Ingila ka yi digiri a kiɗa da haɗa sauti, kuma wai ka ji ance da kiɗan biki kaɗai mutum zai riƙe kansa har ya biya kuɗin makaranta. Wanda ya faɗa maka haka ko bai taɓa zuwa ba ko kuma so yake a koro ka.

Bizar ɗalibi awa 20 ta yarda ka yi aiki a sati in ana karatu, wannan kowa ya sani, amma abin da ba a faɗa muku shi ne bizar ta hana ka aikin kanka, kuma ta hana ka sana'ar nishaɗantarwa, wato ka hau dandali ka yi kiɗa a biya ka. Sai dai in makarantar ce ta shirya wasan a cikin kwas ɗinka. Kaga kenan sana'ar da ka zo dominta ita ce aka haramta maka cin kuɗinta. Ƴan Najeriya za su kira ka biki a Manchester ko Leeds su damƙa maka kuɗi a hannu, eh ana yi, amma ranar da ta ɓaci ba wanda zai tsaya maka. Aikin da ya rage shi ne ɗaukar kwali a sito, wanke-wanke a gidan abinci ko kula da tsofaffi, ka taso da asuba yatsunka sun ƙage da sanyi ka wuce ɗakin gwaji kana neman su yi maka gudu a kan fiyano.

Sai maganar hannun naka. Ban raina ka ba wallahi, na san irin kunnen da yaran Kano ke da shi, mawaƙi ya rera sau ɗaya kun ɗauke. Amma gaya min gaskiya, a ki nawa, wato matakin sautin da ake ɗora waƙa a kai, kake iya kiɗa ba tare da ka taɓa transpose ba, maɓallin nan da ke ɗaga maka sauti ko ya sauke shi? Yawancinmu ki ɗaya muka haddace, in muryar mawaƙi ta yi sama a danna maɓalli, hannun hagu kuma yana zaune ya dafe kod, wato ƴan maɓallai a haɗe, fiyanon lantarki Yamaha PSR tana yi masa ganga da bes. Nan za a zaunar da kai gaban fiyano mai maɓalli 88 masu nauyi, ba bit ba komai, a ajiye maka takarda mai ɗige-ɗige a kan layi biyar a ce bismillah, kuma yaron da ke gefenka ɗan shekara 18 ne da ya gama giredi 8, matakin ƙarshe na jarrabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Ingila, tun yana sakandare. Ni a shekarar farko wani malami, bayan na tsaya cak a layi na biyu, ya tambaye ni a gaban aji wai a ina na taɓa ganin fiyano kafin na zo. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, ni da a gida ake biya kuɗi a saurare ni.

Ɓangaren haɗa sautin ma ba irin wanda kake zato ba ne, ba zama za ka yi kana buga bit a softwayar FL Studio shekara uku ba. Rabinsa lissafi ne da fizis: yadda sauti ke yawo a ɗaki, desibel, me ya sa ake ɗaukar sauti a 44.1 kHz, wane makirfo ake sa wa ganga kuma a wane nisa. Kwas ɗin Tonmeister na jami'ar Surrey sai da sakamakon lissafi da fizis suke kallon mutum. Huddersfield da Salford su ma sun yi suna a harkar. Ga rubutun makala mai kalma dubbai da turanci, ga softwayar haɗa sauti Pro Tools da Logic, shi Logic ɗin kuma sai a na'urorin Apple irin su Mac yake aiki, sannan ka manta da softwayar sata da ake tura mana a filash, a nan siya ake yi.

Kuɗi kuwa ba zan ja ba. Da wuya ka samu makarantar da ke ƙasa da fam dubu 15 a shekara, kuɗin lafiya fam 776 duk shekara kuma gaba ɗaya ake biya kafin a ba ka biza, kuɗin ci da haya dole su kwana 28 a akawun. Ka buga wannan da yadda naira ta koma tun 2023. Af, shi Baba ya san kiɗa za ka karanta, ko injiniya ka ce masa? Ka daidaita wannan tun yanzu, kar ya sayar da gona sannan ya ji a bakin mutane ɗansa makaɗi ya tafi zama.

Duk da haka ban ce ba riba ba. Aikina na ƙarshe a makarantar kalangu na ɗauka da gurmi, na kafa makirfo biyu a kan kalangun don a ji yadda muryarsa ke hawa da sauka in an matse tsarkiya a hammata, abin da sautin roba na cikin fiyano bai taɓa iyawa ba. Na samu maki mafi girma a ajin, kuma yaran nan masu giredi 8 ni suke nema in an ce a yi kiɗa ba takarda, don su in ka ɗauke takardar sun tsaya. Yau ni ke riƙe da miksa a wani ɗakin taro da albashina, ba wanda ya ba ni a kyauta.

In da gaske kake, kar ka biya wani ejan ko sisi tukuna. Ka fara koyon karanta rubutun kiɗa a gida, makarantar kiɗa ta MUSON na nan a Onikan, Legas, jarrabawar ABRSM ma ana yin ta daga Najeriya, ka samu ko giredi 5 na tiyori, wato ilimin ƙa'idojin kiɗa. Ka haɗa ayyukanka uku masu tsafta, ba wanda otocun, softwayar gyara murya, ya cinye muryar ba, don su za a nema kafin a ɗauke ka. Sannan ka ɗauki bidiyon hannunka biyu kana kaɗa waƙa ɗaya a ki uku daban-daban, kyamara na kallon maɓallin transpose ɗin, ka turo min ta WhatsApp. In na gani sai mu yi maganar makaranta.